Cire Office 2007 Ba Tare da Faifansa Ba: Nazarin Abin da Ya Faru a Wani Shagon Buga Takardu a Samaru, Zariya

## Shagon da kwamfutarsa, 2013 zuwa 2018

Shagon yana cikin jerin shagunan buga takardu na Samaru, ba nisa da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. Sana'arsa irin ta maƙwabtansa ce: buga rubutu, fotokwafi, bayindin, katin ɗaurin aure da na walimar sauka, sai kundin ɗaliban ajin ƙarshe, wanda shi ke riƙe da shagon idan lokacinsa ya kama. Mutum uku ke ciki. Akwai mai shagon, da kowa ke kira Alhaji, akwai wata malama da ta fara buga rubutu tun zamanin tafireta, sai yaron shago mai kula da firinta da janareta da aike.

Abu ɗaya ya fifita shagon a kan na kusa da shi. Malamar tana buga Hausa da ƙugiyoyinta, ɓ da ɗ da ƙ kowanne a mazauninsa, kuma da sauri. Shi ya sa ɗaliban Hausa na jami'a da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da masu rubuta ƙananan littattafai, wurinta suke zuwa ko da za su yi jira.

Kwamfutar da take aiki a kanta ta tebur ce, ta hannu, irin wadda 'yan kasuwa ke ce wa Beljiyam. A 2013 aka sayo ta a Sabon Gari tare da wata 'yar'uwarta da yaron shago ke amfani da ita. Windows 7 mai bit 64 ne a kanta, RAM gigabait 4, rumbun ajiya gigabait 160 da aka raba biyu: 40 ga ɓangaren C inda Windows da manhajoji suke, sauran ga ɓangaren D na ayyukan kwastomomi. Mai sayarwa ne ya ɗora wa duka biyun Microsoft Office 2007, nau'in Enterprise, daga faifansa, ya mayar da faifan cikin durowa. Daga baya aka ƙara wa ta malamar CorelDRAW na zanen kati, da SPSS na lissafin babi na huɗu na kundin ɗalibai, da direbobin wata tsohuwar firinta da sikana, wato ƙananan manhajojin da ke sa kwamfuta ta iya aiki da su. Masu gyara daban-daban suka ɗora waɗannan, kowa ya gama ya tafi da kayansa.

## Tsakiyar 2018: sharar ɓangaren C

Gigabait 40 ya yi wa Windows 7 kaɗan bayan shekara biyar yana tara gyare-gyare. Sandar da ke nuna cikar C ta koma ja, firinta ta fara tsayawa a tsakiyar babban aiki don babu wurin da kwamfuta za ta jera shafukan kafin ta tura su. Alhaji ya ce wa yaron ya duba abin da za a rage.

Yaron ya buɗe ɓoyayyun foldoji, ya bi su yana duba nauyin kowace. A gindin C ya ga wata mai suna MSOCache, ɗaruruwan megabait, cikinta foldoji masu dogayen sunayen lambobi. Ya goge ta. Cikin foldar Windows kuma ya ga wata, Installer, wadda ta fi waccan nauyi nesa ba kusa ba, sunayen fayilolinta haruffa da lambobi a cakuɗe, ƙarshensu .msi da .msp. Ya zaɓi manyan cikinsu da masu tsohon kwanan wata ya goge. Sanda ta koma shuɗiya. Ya kashe kwamfutar ya kunna, Word ya buɗe, Excel ya buɗe, firinta ta saki takarda. Alhaji ya sa masa albarka.

Aka yi fiye da shekara ba a ga komai ba. Sau ɗaya dai malamar ta taɓa wani sashe na Word da ba ta saba taɓawa ba, wani akwati ya fito yana neman faifai, ta rufe shi ta ci gaba da aikinta.

## Litinin, 18 ga Nuwamba 2019: sabo ya ƙi shiga, tsoho ya ƙi fita

Ɗalibai ne suka tilasta canjin. Da yawansu kan laftof suke fara rubutu da Word 2013 ko 2016, idan aka buɗe aikin a Word 2007 sai shafuka su zame, tebur ya tsallaka shafi na gaba, lambobin da ke jadawalin abubuwan ciki su daina dacewa da inda babuka suka faɗa. Malami mai duba kundi ya mayar da shi, ɗalibi ya dawo shago da fushi. Wasu kuma PDF suke kawowa a yi musu gyara, alhali sai daga 2013 Word ya fara buɗe PDF a matsayin rubutun da za a iya taɓawa. Ga shi tun 10 ga Oktoba 2017 Microsoft ta daina fitar wa Office 2007 gyaran tsaro, a shagon da filash iri-iri ke shiga kwamfuta daga safe zuwa dare.

Alhaji ya sayi lasisin Office 2016, nau'in Home and Business. Ba shi da zaɓin wuce nan, domin Office 2019 ba ya hawa kan Windows 7, sai Windows 10. Wanda ya kawo lasisin ya ga Windows ɗin mai bit 64 ne, sai ya zaɓi Office mai bit 64. Ko minti biyu ba a yi ba saƙo ya fito: ba za a iya ɗora shi ba, don an tarar da Office Enterprise 2007 mai bit 32, sai a cire wancan tukuna. Haka tsarin yake. Office 2007 mai bit 32 kaɗai aka yi, mai bit 64 sai a 2010 ya fara fitowa, kuma iri biyun ba sa zama a kwamfuta ɗaya.

Aka shiga Control Panel, aka buɗe Programs and Features, aka danna Uninstall. Wani saƙon ya fito yana cewa ɗorin da aka yi wa wannan manhaja ya lalace, a sake gudanar da shi daga CD ko DVD ko inda aka samo shi tun farko. Aka gwada Change don a yi masa gyara, amsar ba ta canja ba. Aka buga lambar mai sayarwa, ba ta shiga. Yaron da aka aika Sabon Gari ya tarar shagon ya koma na sayar da kayan waya.

Har zuwa yammacin wannan rana Word 2007 yana aiki lafiya, malamar ba ta daina bugawa ba.

## Talata, 19 ga Nuwamba: faifan aro

Wani maƙwabci ya ba da aron faifan Office 2007. Na'urar karanta faifai ta kwamfutar ta daɗe da shan ƙura, ta yi ta gurnani ba ta karanta komai ba, sai da aka kwafe faifan zuwa filash ta wata laftof. Da aka danna setup ɗinsa, maimakon ya ba da zaɓin gyarawa ko cirewa, sai ya nemi a ɗora Office daga farko kamar baƙo. Faifan na Professional Plus ne. Shekararsu ɗaya da Enterprise, Word ɗin cikinsu ɗaya, amma a wurin Windows kaya biyu ne daban, kowanne da lambarsa. Aka fasa.

Wani maƙwabcin ya aiko da filash, ya ce nasa Enterprise ne. Yaron ya soka shi a tasa kwamfutar ya ga duk foldojin ciki sun rikiɗe sun koma 'yan alamomi masu kibiya, shaidar ƙwayar cutar nan da ta addabi shagunan buga takardu. Malamar ta ce wannan filash ba zai kusanci teburinta ba.

## Laraba, 20 ga Nuwamba: goge folda da hannu

Wani mai gyara da ke zagaya shagunan layin ya ce aikin minti biyar ne. Ya shiga Program Files (x86), ya kama foldar Microsoft Office, ya danna Shift da Delete, wanda ke goge abu kai tsaye ba tare da ya faɗa kwandon shara ba. Sunan Office bai bar jerin manhajoji ba, sai ya buɗe rajistar Windows, inda Windows ke rubuta bayanan manhajoji da saitinsu, ya nemo mabuɗin da ake kira ENTERPRISE ƙarƙashin Uninstall, ya goge shi. Sunan ya ɓace daga jeri. Ya danna Office 2016.

Saƙon ranar Litinin ya dawo, ko waƙafi bai canja ba.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin yanzu babu Word ɗin ma gaba ɗaya. Idan aka danna alamarsa sai Windows ya ce yana daidaita Office, ya ɗan yi tafiya, ya tsaya yana neman fayil mai suna EnterpriseWW.msi. Aka nuna masa ProPlusWW.msi na filash ɗin jiya, ya ce wannan ba na wannan manhaja ba ne. Aka nemi mayar da kwamfutar baya da System Restore, ashe a kashe yake tun daga hannun mai sayarwa, babu ko aya ɗaya da za a koma.

Mai gyaran ya ce to sai fomat, wato a share C a sake ɗora Windows daga farko. Alhaji ya kusa amincewa, malamar ce ta tare.

"Alhaji, in aka yi mata fomat, wa zai dawo da CorelDRAW da SPSS? Direban sikanan nan kwana nawa aka yi ana nemansa? Ni kuma ƙugiyoyina fa?"

"Malama, ai Word duk Word ne. Sabon ma zai yi miki."

"Ba a Word suke ba, Alhaji, ni na saka su da hannuna. A dai dakata."

Ta koma kwamfutar yaro da aikinta. A can babu gajerun maɓallan da ta saba da su, sai ta riƙa buga lambar kowane harafi ta danna Alt da X: 0199 ya ba ta ƙ, 0257 ya ba ta ɗ, 0253 ya ba ta ɓ. Dabarar tana aiki, sai dai tana da tarko a Hausa. Idan harafin da ya gabaci lambar yana cikin a, b, c, d, e ko f, Word na haɗa shi da lambar ya karanta su tare. A kalma kamar "baƙi", bayan b da a, lambar ba ta juyewa sai an sa U+ a gabanta. Duk wanda ya san yawan wasalin a kafin ƙugiya a rubutun Hausa ya san abin da ta sha. Aikinta ya ja baya sosai, ɗalibai biyu suka karɓi nasu suka kai wani shagon.

## Alhamis, 21 ga Nuwamba: dubawa ba tare da taɓa komai ba

A ranar aka kira ni, ni mai wannan rubutu, in duba kwamfutar. Na roƙi Alhaji kada a goge ko a ɗora komai sai an san abin da ya rage a cikin kwamfutar.

Sai an fahimci yadda Windows ke riƙe lissafin manhaja kafin abin da aka gani ya yi ma'ana. Office 2007 ta hannun wani sashe na Windows mai suna Windows Installer yake shiga. Ba dunƙule ɗaya ba ne, tarin ƙunshi ne fiye da goma: babban ƙunshin Enterprise, na Word, na Excel, na duba rubutun Ingilishi da Faransanci da Sifaniyanci, da sauransu. Duk ƙunshin da ya shiga, Windows Installer na ajiye kwafin fayil ɗinsa na .msi a foldar Installer da wani suna na kansa, kuma a cikin wannan fayil ne aka jera duk abin da aka zuba a kwamfuta da yadda za a kwashe shi. Gyare-gyaren da suka biyo baya, irin su Service Pack 3 na 2011, a nan ake ajiye su a matsayin .msp. Sannan ya rubuta a rajista cewa kaza yana nan, ga inda fayil ɗinsa yake. Ita kuwa MSOCache kwafin faifan ce sukutum. A Office 2003 aka fara ta, mutum na iya ƙin ta, a 2007 ta zama dole, kuma an yi ta ne don kada a sake tambayar mai kwamfuta faifai. Idan za a cire Office, foldar Installer ake fara dubawa. In ba a samu ba a koma MSOCache. Sai duka biyun sun gaza ake neman faifai.

A rajista, ƙarƙashin Installer, UserData, S-1-5-18, Products, rubutun Office 2007 na nan daram. Gane su ba wuya. Lambar Enterprise ita ce 90120000-0030-0000-0000-0000000FF1CE, inda 12 ke nufin Office 2007, 0030 kuma Enterprise. Ta Professional Plus 0011 ce a wannan gurbi, abin da ya sa faifan aro ya ƙi ke nan. A wannan sashe na rajista ana jujjuya lambar, don haka duk mabuɗan Office 2007 da F01FEC suke ƙarewa. Na buɗe na babban ƙunshin, na karanta layin LocalPackage, ya nuna wani fayil a C:\Windows\Installer. Na je can na nemi sunan, babu shi. Na ƙara shafin Subject a foldar don kowane .msi ya nuna na wace manhaja ne. 'Yan ƙananan ƙunsoshin Office na nan, manyan sun tafi.

Lamarin kamar ɗan haya ne da aka watsar da kayansa waje aka kuma cire sunansa daga ƙofa, amma yana nan a littafin mai gida, saboda haka ba a ba kowa ɗakin. Office 2016 littafin yake dubawa.

Wani abu da ba wanda ya lura da shi tun Litinin: kwamfutar yaro tana da MSOCache ɗinta cikakkiya, ta Enterprise ɗaya daga faifai ɗaya. Tasa ba ta taɓa cika ba, bai taɓa yi mata shara ba. Abin da aka aika nema Sabon Gari yana kan teburin da ke gefe. Sai dai zuwa Alhamis kwafo ta ba zai wadatar ba. MSOCache asalin faifai kawai ta ƙunsa, babu fayilolin .msp da aka goge a cikinta, ga foldar manhajar da mabuɗin cirewa duk sun tafi.

Mai gyaran Laraba ya bar wata tsohuwar manhaja a tebur, Windows Installer CleanUp Utility, ya ce a gwada ta. Ban yi amfani da ita ba. Microsoft da kanta ta janye ta a Yunin 2010 saboda tana iya lalata wasu sassan da ba a nufa ba, kuma rubutun rajista kawai take sharewa, ta bar sauran tarkace a inda suke.

Na gaya wa Alhaji akwai hanyar kauce wa saƙon, wato a ɗora Office 2016 mai bit 32, wanda ba ya ƙin zama da na 2007. Amma rubutun tsohon zai ci gaba da zama a rajista, akwatin neman faifai na iya ci gaba da leƙowa, kuma ranar da aka tashi wani canjin za a sake cin karo da shi. Ya ce a share shi gaba ɗaya, in dai ba za a taɓa CorelDRAW da SPSS ba.

## Juma'a, 22 ga Nuwamba: ajiya

Bayan an sauko daga masallaci aka tayar da janareta, don kada a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Windows 7 na da hanyar ɗaukar hoton rumbu gaba ɗaya, a ƙarƙashin Backup and Restore. Aka ɗauki na C zuwa rumbun waje mai gigabait 500, aka kuma yi faifan farfaɗo da Windows ta laftof mai Windows 7 irin wannan, tunda na'urar faifan kwamfutar ba ta da tabbas, aka tanadi ta waje mai igiyar USB. Ɗaukar hoton ta ci fiye da awa ɗaya.

Sai kayan malamar. Gogewar Laraba ba ta same su ba, domin Word ba ya ajiye saitin mai amfani a Program Files, a AppData yake ajiyewa. Idan aka rubuta %appdata%\Microsoft a akwatin nema za a faɗa wurin. A foldar Templates akwai Normal.dotm, ɗan fayil da bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba, kuma a cikinsa gajerun maɓallanta suke, da girman takarda, da font, da tazarar layi. A UProof akwai CUSTOM.DIC. Na buɗe shi da Notepad, kalmomi ne a jere layi-layi, waɗanda ta koya wa Word cikin shekara shida don ya daina ja musu jan layi: Zazzau, Kufena, Turunku, Tudun Wada, sunayen sassan jami'a, kalmomin nahawu da na adabi. A foldar Office kuma akwai fayilolin .acl masu riƙe da gajerun rubutun da Word ke faɗaɗa mata, ta buga haruffa uku ya fitar da cikakken sunan jami'a. Aka kwafe su duka a wuri biyu. Wannan matakin ba na ƙawa ba ne: umarnin da Microsoft ta wallafa na cire Office 2007 da hannu ya haɗa da goge Normal.dotm, kuma mai bin umarnin ido rufe zai goge shi bai san abin da ke ciki ba.

Aka kuma samar wa C wuri. Kashe hibernation, barcin da kwamfuta ke ajiye aikin da ke buɗe a rumbu kafin ta mutu, da umarnin powercfg -h off ya kawar da hiberfil.sys, wanda a Windows 7 ke cin kashi 75 cikin 100 na RAM, wato gigabait 3 a wannan kwamfuta. Ayyukan kwastomomi da suka taru a Desktop aka mayar da su D.

## Asabar, 23 ga Nuwamba: cirewa da ɗorawa

A lokacin Microsoft na da 'yan rubutattun umarni da ta tanada don irin wannan hali, ana kiransu OffScrub, kowane zamanin Office da nasa. Na 2007 shi ne OffScrub07.vbs, kuma shi ne ke cikin manhajar Fix it da kamfanin ya riƙa bayarwa don cire Office 2007. Daga ma'ajiyar Microsoft ta GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, aka sauke shi. Na dage kan wannan, don fayil ɗin da za a ba ikon shiga rajista ba a karɓarsa daga kowane shafi.

Aka buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, aka shiga foldar da fayil ɗin yake, aka rubuta cscript OffScrub07.vbs ALL. Yana farawa da neman duk abin da ke ɗauke da lambar Office 2007. Ya gwada cire su ta hanyar da aka saba, inda ta yiwu ta yiwu, inda fayil ɗin .msi ya ɓata ta gaza. Bai tsaya a nan ba, ya bi ragowar foldoji da mabuɗan rajista da rubutun Windows Installer ya share su da kansa, don ya riga ya san inda Office 2007 ke zuba kayansa, ba ya buƙatar .msi ya gaya masa. Baƙin allon ya yi ta zubo layuka kusan rabin awa, wani lokaci ya yi tsit har yaron ya ce ko ya maƙale. Aka bar shi. Da ya gama aka sake kunna kwamfutar.

Na nemi F01FEC a inda na gan shi ranar Alhamis, babu ko ɗaya. Aka buɗe CorelDRAW da SPSS, aka gwada sikana da firinta, duk lafiya. Office 2016 mai bit 64 ya shiga ba gardama, aka haɗa kwamfutar da intanet ta waya na ɗan lokaci aka tabbatar da lasisi.

Shafin gwaji na farko ya fito da Calibri 11 a kan girman Letter, kuma da malamar ta danna Alt da K, ɗaya daga gajerun maɓallanta, ba abin da ya fito. Sabon Word da sabon Normal ɗinsa ya tashi. Aka rufe shi, aka canja wa sabon fayil ɗin suna, aka ajiye tsohon Normal.dotm a gurbinsa, aka mayar da fayilolin .acl, aka nuna wa Word inda CUSTOM.DIC yake ta Options, Proofing. Da ta sake buɗewa takarda ta koma A4, Times New Roman 12, tazara biyu. Ta buga "ɓarawo ya ɗauki ƙwarya" a numfashi ɗaya, ta jawo kundin da ke saman tari.

## Disamba 2019: abin da bai dawo ba

'Yan maɓallan da ta jera a saman Word ba su biyo ba, don Office 2007 da na bayansa ba fayil iri ɗaya suke ajiye su ba. Ta sake jera su da hannu. Babbar asarar ita ce Publisher. Enterprise na da shi, Home and Business ba shi da shi, kuma shagon na da tsofaffin takardun shaida da jadawalin biki da aka tsara da shi. Haka Picture Manager, da yaron ke yanka hoton fasfo da shi, tun daga Office 2013 aka daina sa shi. Don haka aka bar Office 2007 a kwamfutar yaro saboda waɗannan biyun. Aka shiga Change aka cire Groove da InfoPath da Outlook da ba a amfani da su. Aikin ya tafi sumul, ba a tambayi faifai ba.

## Hukunci

Rashin faifai shi aka ɗora wa laifi duk tsawon makon, amma kwamfutar yaro ta nuna ba shi ne tushen matsalar ba. Ita ma ba ta da faifai, kuma ta karɓi canji ba tambaya. An gina Office 2007 yadda za a cire shi ba tare da faifai ba. Neman faifan alama ce ta cewa ajiya biyu da ke cikin kwamfutar sun ɓata, kuma sun ɓata ne tun 2018.

Ba na ganin laifin yaron ya kai yadda aka so a ɗora masa a makon. An ba shi aiki ba a gaya masa iyakarsa ba, ya gwada bayan ya gama ya ga komai na tafiya, kuma irin wannan ɓarna ba ta nuna kanta a gwajin rana ɗaya. Wanda ya yanka wa Windows 7 gigabait 40 shi ya kafa matsalar. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne hiberfil.sys kaɗai ya ninka MSOCache nauyi sau da yawa, kuma kawar da shi ba ya cutar da kwamfutar tebur da ba a sa ta wannan barcin.

Aikin Laraba shi ne ya jawo asarar kuɗi. Kafin shi shagon na da tsohon Word mai aiki da isasshen lokacin yin tunani, bayansa ba Word ba lokaci. An goge abin da ido ke gani, folda da suna a jeri, aka bar rubutun da Office 2016 ke karantawa. OffScrub ya yi nasara ne don wannan rubutun ya nufa, kuma bai dogara da fayilolin da suka ɓata ba. Zaɓen bit 64 ma ba dole ba ne tun farko. Windows mai bit 64 na ɗaukar Office mai bit 32 lafiya lau, kuma a kwamfuta mai RAM gigabait 4 da aikinta buga kundi ne, bambancin ba ya tasiri.

Ƙin yarda da fomat daidai ne, kuma malamar ce kaɗai a shagon ta san dalili. Office ana sayen wani, amma babu inda ake sayar da Normal.dotm da CUSTOM.DIC nata, kuma su ne ke kawo wa shagon kwastomomin da maƙwabta ba sa samu.

Saura matsala ɗaya da wannan aiki bai warware ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, kuma CorelDRAW da SPSS da direban sikana har yanzu ba su da faifai ko lasisi a hannun Alhaji. Hoton rumbun da aka ɗauka ranar Juma'a zai iya mayar da wannan kwamfutar yadda take idan rumbunta ya mutu, amma ba zai kai waɗannan manhajoji kan sabon Windows ba. Ranar da za a bar Windows 7, sai an saye su daga farko.